Kafin Ka Taɓa Kujerar Motarka: Abin Da Doka Ta Ce Da Yadda Za Ka Yi Aikin Lafiya

Akasarin masu mota suna ɗaukar kujera kamar ta falo. In soso ya mutu a sake shi, in ta yi ƙasa a ɗaga ta, in an ga wata mai kyau a jikin wata motar a kwanto a ɗaura. Waɗanda suka ƙera motar ba haka suke kallon abin ba. A wurinsu kujera da bel da jakar iska da ƙasan mota sarƙa ce guda, an auna ta ne don ta riƙe jikin mutum a ranar da mota ta tsaya ba shiri. Duk wanda ya taɓa zobe ɗaya a cikinta ya taɓa sauran.

Lissafin ba shi da wuya. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa, in ta daki abin da ba ya motsi, abin da zai sami na cikinta daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10. Shi ya sa ƙa'idar ƙera motoci ta Amurka mai lamba 207 ta wajabta kujera ta jure ƙarfin da ya ninka nauyinta sau 20, ta gaba da ta baya. Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 14 kuma, wadda ta shafi wuraren da ake ɗaure bel a jikin mota, tana sa a gwada su da ja mai ƙarfin nauyin kilo 1,350 da 'yan kai a ɗamarar cinya, da wani kamarsa a ta kafaɗa, a lokaci guda. Ka riƙe wannan adadi a ranka don ranar da wani zai ce maka ai ɗan walda kaɗan ya wadatar.

Mataki na farko: me ke damunka da kujerar?

Kafin ka ɗauki sifana, zauna ka daidaita wadda kake da ita yadda ya kamata. Da yawa daga masu kukan ciwon baya ba su taɓa yin haka ba. Matso da kujera har ka iya taka birki ya kai ƙarshe gwiwarka tana da ɗan lanƙwasa. Ka bar tazarar santimita 25 ko fiye tsakanin ƙirjinka da tsakiyar sitiyari, domin daga nan jakar iska take fitowa. Majingina kada ta kwanta sosai. Matashin kai kuwa, samansa ya yi daidai da saman kanka, ya kuma matso kusa da ƙeyarka. Mutane suna cire shi wai yana tare musu gani ko yana takura musu, alhali shi ne ke hana wuya ballewa baya in an daki mota ta baya. Amurka ta wajabta shi a kujerun gaba tun 1969.

In bayan wannan har yanzu da sauran matsala, to sai a shiga batun canji.

Mataki na biyu: leƙa ƙarƙashin kujera

Kashe mota, zare makulli, tura kujera baya har ƙarshe, ka durƙusa da tocila. Bayan ƙura da tsofaffin takardu da biron da ka daɗe kana nema, za ka ga wayoyi sun fito daga cikin kafet sun shige ƙasan kujera. Duba launin soket ɗin. In ka ga ruwan ɗorawa, to a yawancin motoci wannan layin jakar iska ne ko na na'urar da ke fizgar bel. Kada ka ja shi, kada ka zare shi tukuna.

Daga nan duba gefen majingina ta ɓangaren ƙofa. In akwai ɗan ƙyalle da aka ɗinka ko tambari mai harufan SRS, akwai jakar iska a cikin kujerar. Kamfanin Volvo ne ya fara saka irinta a 1994 a motarsa samfurin 850, yanzu kuwa ta zama ruwan dare. Sai ka bi makullin bel da ido, wato inda kake cusa harshen bel ya ce ƙas. A jikin kujera yake ko a ƙasan mota? In a jikin kujera yake, to kujerar da ƙarafan da take zamewa a kansu su ne za su ɗauki wani kaso na wancan ja da muka ambata. In ka ga wani ɗan bututun ƙarfe a jikin makullin da waya a maƙale, wannan na'urar fizgar bel ce: akwai ɗan sinadari mai fashewa a ciki, wanda ke tamke bel a jikinka cikin ƙiftawar ido da zarar an yi karo.

Akwai kuma abin da ido ba zai gani ba. A motoci da yawa na zamani, a ƙarƙashin soson kujerar fasinja na gaba akwai shimfiɗa ko sensa mai auna nauyin wanda ya zauna. Ita ke gaya wa kwamfutar mota ko babba ne, ko yaro, ko babu kowa, don ta san ko za ta saki jakar iska. A ɓangaren direba kuma wasu motocin suna da sensa a jikin ƙarfen zamewa mai nuna yadda kujera ta matso kusa da sitiyari, domin a rage ƙarfin fitowar jakar ga wanda ke zama dab da shi.

Rubuta duk abin da ka gani, ka ɗauki hoto. Wannan jerin shi ne ma'auninka: duk canjin da zai raba ka da ɗaya daga cikinsu ya rage maka kariya, komai kyansa a ido.

Mataki na uku: doka da inshora, tun kafin ka sayi komai

Nan ne mutane ke yin aiki a baibai. Sai sun saya sun ɗaura sannan su fara tambaya ko ya halatta.

Dokar ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma ga misalai uku da za su nuna maka irin tambayoyin da za ka yi. A Jamus, in aka yi wa mota canjin da zai iya jefa mutane cikin haɗari, izinin hawa titi na motar yana faɗuwa. Don haka kujerar da ba ta kamfani ba tana bukatar takardar amincewa da ta dace da samfurin motar, ko kuma masu binciken mota irin su TÜV ko DEKRA su duba su shigar da ita cikin takardu. A Birtaniya yawan kujeru yana rubuce a takardar rajistar mota, kuma dole ka sanar da DVLA, hukumar rajistar motoci ta ƙasar, in ka ƙara ko ka rage. A gwajin shekara-shekara da suke kira MOT, mota tana faɗuwa in fitilar SRS, wato fitilar gargaɗin jakar iska da ke gaban direba, na nuna matsala, ko an cire jakar iskar da ta zo da ita, ko kujera na girgiza. A Amurka dokar tarayya ta hana masu ƙera mota da dillalai da masu gyara su kashe wata na'urar kariya da mota ta zo da ita. Haramcin bai hau kan mai motar da ya yi aikin da hannunsa ba, amma jihohi suna da nasu dokokin, kuma tun 2001 an yi sassauci ga gyare-gyaren da ake yi wa masu naƙasa.

Ko a wace ƙasa kake, tambayoyin ba su wuce waɗannan ba. Shin yawan kujeru na rubuce a takardun motar? Shin canjin yana bukatar a sake duba motar? Shin akwai takardar da mai sayar da kujerar ya kamata ya ba ka? Hukumar da ke yi wa motoci rajista ita za ka tambaya, ba mai sayarwa ba, don shi kasuwarsa yake yi.

Sai inshora. Ka sanar da su a rubuce kafin a yi aikin, ka kuma ajiye amsarsu. Canjin da ba a bayyana ba yana daga cikin dalilan da kamfanin inshora ke kafa hujja da su ya rage biya ko ya ƙi gaba ɗaya. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne fasinja. In wani ya ji rauni a kan kujerar da kai ka sa aka ɗaura ba bisa ƙa'ida ba, alhakin a wuyanka yake, a gaban kotu da kuma a zuciyarka.

Mataki na huɗu: zaɓen abin da za a saka

Mu fara da wanda aka fi rainawa, wato rigar kujera da sabon ɗinki. Jakar iskar gefe tana fitowa ne ta hanyar yage wani ɗinki da aka yi da zare mai rauni da gangan. Tsakanin jikinka da ƙofa babu wani fili, saboda haka dole ta buɗe cikin 'yan sassa na dubu na daƙiƙa, ta fi ta sitiyari ma sauri. In aka lulluɓe wurin da riga mai kauri, ko aka ɗinke shi da zare mai ƙarfi, jakar za ta makara ko ta karkace ta fito ta inda ba a so.

Ni ma na taɓa faɗawa. Na kai wata tsohuwar motata a sabunta mata fata, aiki ya yi kyau, har ina yabon hannun mai ɗinkin. Da na tayar da mota sai ga fitilar SRS ta ƙi mutuwa. Na koma, ya ce ai ba komai ba ne, in ina so ma a cire ƙwan fitilar na huta da ganinta. Wannan maganar ce ta sa na shafa gefen majingina da yatsa, sai na ji ɗinki biyu reras, mai ƙwari kamar na jakar tafiya, daidai wurin da ya kamata ya yage. Fitilar dai laifinta kaɗan ne, mai ɗinkin ya kunna makulli ne soket a cire. Ɗinkin ne babban abin, kuma ba wata fitila da za ta taɓa nuna min shi. Garin neman gira na kusa rasa ido. Saboda haka ka tambayi mai ɗinki kai tsaye yadda zai yi da wannan gefen, in ka ga ya fara inda-inda ka ɗauke motarka. Rigar da za ka saya kuma ta kasance wadda aka yi don kujera mai jakar iska.

Soso ma haka. In za a sake na kujerar fasinja mai sensar nauyi, kaurinsa da taurinsa su yi daidai da na asali, kuma wasu motocin suna bukatar a sake saita sensar da na'ura bayan aikin. Ɗora filo mai kauri don ƙara tsayi kuwa yana da nasa haɗarin: lokacin karo filon yana matsewa ko ya zame, bel ya yi sako-sako, mutum ya sulale ta ƙarƙashinsa, ɗamarar da ya kamata ta riƙe ƙashin ƙugu ta koma kan ciki.

In kujera sukutum za ka canja, mafi sauƙi da aminci ita ce ta irin motarka, samfuri ɗaya, shekaru ɗaya, ko da daga wadda ta fi taka tsada ce a jerin. Ramukan noti za su zo daidai, soket ma galibi haka. Amma ka binciki tarihinta. Kujerar da aka ciro daga motar da ta yi mummunan haɗari tana iya samun lanƙwasar da ba a gani, kuma na'urar fizgar bel sau ɗaya take aiki. Duba tsatsa a ƙarafan ƙasa, musamman alamar ruwa ya taɓa shanye ta.

Kujerar wata mota dabam, a nan ne ake yawan gyaran gangar Auzinawa. Ramuka ba su zo daidai ba, sai a yanka ƙafar kujera a yi mata walda, ko a huda sabon rami a ƙasan mota. Wuraren da kamfani ya tanada don noti an ninka musu ƙarfe ta ƙasa. Santimita kaɗan daga nan, falle ɗaya ne siriri da noti zai tsaga ya fito kamar maɓalli a tsohuwar riga. Zafin walda kuma yana rage ƙwarin irin ƙarfen da ake yin waɗannan sassa da shi. In har sai ka yi, nemi ƙafar haɗi da aka ƙera takanas don samfurin motarka, mai takardar gwaji.

Kujerar tsere tana burge matasa, kuma a filin tsere tana da amfani. Sai dai a can tana tafiya ne da kejin ƙarfe a cikin mota, da hular kwano, da ɗamara mai madauri biyar ko shida. Hatta a can tana da wa'adi: wadda ke ɗauke da tambarin ƙa'ida mai lamba 8855-1999 ta FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, shekara 5 ake amincewa da ita daga ranar ƙira. A kan titi, saka ta yana nufin ka rabu da jakar iskar gefe. Abin da ake yi a rufe bakin fitila shi ne a cusa wata 'yar na'urar lantarki mai suna resista a soket don kwamfuta ta zaci jakar tana nan. Wannan rufa-rufa ce kawai, fitila ta mutu amma kariyar ta tafi. Ɗamara mai madauri huɗu da ake sakawa don ado ta fi ba ni tsoro, domin babu madaurin da ke tsakanin cinyoyi, sai ta jawo ɗamarar cinya sama zuwa ciki lokacin karo. Bel ɗin nan mai madauri uku da Nils Bohlin ya ƙirƙiro wa Volvo a 1959 shi aka gwada motarka da shi, shi za ka bari.

Mataki na biyar: kwancewa

Fara da sassauta noti, musamman in kujerar ta lantarki ce, domin in ka cire batir ba za ta motsa ba. Tura ta gaba ka sassauta na baya, mayar da ita baya ka sassauta na gaba, sannan ka tsayar da ita a tsakiya. Yanzu kashe mota, zare makulli, cire kan batir na ɓangaren da ke da alamar ragi, ka jira. Kwamfutar jakar iska tana riƙe ragowar wuta na ɗan lokaci. Littafin gyaran motarka zai faɗi minti nawa, in ba ka da shi ka ba ta minti goma.

Ɗaga gaban kujera ka zare soket, ka lura da ɗan makullin da ke jikin mai ruwan ɗorawa, ba a fizgarsa da ƙarfi. Abu biyu ne ba a yi: ba a sa mitar awon lantarki a kan wayar jakar iska, domin 'yar wutar da mitar ke turawa tana iya tayar da ita, kuma ba a kunna makulli soket a cire. Ku fitar da kujerar ku biyu, tana da nauyi fiye da yadda ake zato, ƙarafanta kuma suna karce fenti.

Mataki na shida: ɗaurawa

Noti na asali za ka mayar, ko sababbi masu daraja ɗaya. Duba kan notin, za ka ga lamba irin 8.8 ko 10.9, wannan ce darajar ƙarfinsa. Wanda ba shi da lamba ba shi da wuri a ƙarƙashin kujera. Wasu kamfanonin suna cewa a sake noti sabo duk lokacin da aka kwance, ka duba littafinka. Na bel ma ya fi bukatar lura, domin a motoci da yawa zarensa na awon inci ne, 7/16, ko da sauran notin motar na milimita ne. In ka tilasta wani dabam zai shiga, amma ya cinye zaren ramin.

Saka duka huɗun da hannu tukuna, ka tabbatar ƙarafan zamewa biyu sun yi daidai da juna, sannan ka ɗaure da sifanar awo zuwa adadin da kamfani ya faɗa. Kada a jera tarin washa don ɗaga kujera. Wayoyi su bi hanyarsu ta da, da maƙalansu, don kada ƙarfe ya datse su in kujera na zamewa. Haɗa soket duka kafin ka mayar da batir, kuma karon farko da za ka kunna makulli ka yi shi ba kowa a kan kujerar.

Mataki na bakwai: gwaji

Fitilar SRS ta kama na 'yan daƙiƙu sannan ta mutu. In ta zauna akwai matsala, in kuma ba ta kama ba sam, wannan ma matsala ce. A sa na'urar bincike ta karanta dalilin, kada a goge kawai. Zame kujera gaba da baya ka ji ɓangarorin biyu sun kulle tare, ka jijjiga majingina da ƙarfi. Ɗaura bel: na kafaɗa ya bi ta tsakiyar kafaɗa, na cinya ya kwanta a kan ƙashin ƙugu. Fizge shi ka ga ya cije. A ɓangaren fasinja, babba ya zauna ka ga alamar jakar iska ta nuna tana aiki. Bayan mako guda ka sake duba notin.

Ƙara kujera ko ragewa

Cire kujerar baya don samun wurin kaya shi ne mafi sauƙi, in dai ka sanar da inda ya kamata, kuma ba wanda zai zauna a wurin. Ƙarawa kuwa aikin injiniya ne, ba na gida ba. Kowace sabuwar kujera tana bukatar nata bel da wurin ɗauri mai faranti na ƙarfe a ƙarƙashin mota don ya rarraba nauyi, kuma kafin a huda sai an san inda tankin mai da bututun birki suka bi. Bayan mota an tsara shi ya murƙushe ne don ya shanye duka, kujerar da aka dasa a can tana cikin wurin murƙushewa. Akwai kuma iyakar nauyin da mota za ta ɗauka, yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofa. A Turai, da zarar kujerun fasinja sun wuce 8 ban da na direba, motar ta fita daga ajin ƙananan motoci, lasisin tuƙin ma ya canja. Kujera mai juyawa da ake saka wa tsofaffi ko masu naƙasa tana da kyau in ƙwararru suka ɗaura, sharaɗinta ta kulle tana kallon gaba kafin mota ta motsa.

Kujerar yara

Wannan ba a yi mata kwaskwarima ko kaɗan. An gwada ta ne yadda ta fito daga kamfani, saboda haka ƙarin soso, ko filon kai, ko madaurin da ba nata ba, duk suna canja yadda za ta riƙe yaro. Nemi tambarin amincewa a jikinta, kamar R129 na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya wajabta jariri ya zauna yana kallon baya har ya kai wata 15 aƙalla. Kujerar da ke kallon baya ba a ɗora ta a gaba in jakar iskar fasinja na aiki. In motarka ba ta zo da maƙalan ISOFIX ba, wato ƙarafan da kamfani ke tanada don maƙala kujerar yara, kada a walda maka wasu. Wasu kamfanonin mota suna da nasu kayan ƙari na wasu samfura, ka tambaya da lambar jikin motarka. In babu, ka sayi kujerar da ake ɗaurewa da bel, ka ɗaure ta yadda littafinta ya nuna, sannan ka kama ta daidai inda bel ya ratsa ka jijjiga. In ta motsa fiye da santimita biyu da rabi, kwance ka sake.